Mita Ashirin Daga Tsakiyar Titi

Shekara ashirin da shida ina awo, kuma a tsawon wannan lokaci mutum biyu ne kawai suka taɓa dawo mini da ɗinki, su ma ƙiba suka yi tsakanin ranar awo da ranar Sallah. Wannan magana na faɗe ta a majalisa ya fi a ƙirga, da ita kuma na riƙa toshe bakin duk wanda ya so ya ja da ni a shekarar da aka zo faɗaɗa titinmu. Sunana Yahuza, tela ne ni a Birnin Kudu. Na yi wata uku cur ana kirana Injiniya ina amsawa da ƙarfi. Har yau ba a daina kiran ba, amsawar ce na rage.

Titin da nake nufi shi ne babban nan da ya ratsa gari. In ka shigo ta ɓangaren Kano zai bi da kai ta gaban tasha, ya wuce bakin kasuwa inda masu rake da masu lemo da 'yan acaɓa suka cinye rabinsa, ya gangara ta unguwarmu, sannan ya miƙe ya fita hanyar Gwaram. A da in tirela biyu suka haɗu a wajen kasuwa sai ɗaya ta tsaya, direbobin su gama gaisawa ko zage-zage, kafin kowa ya samu wucewa. Don haka da aka ce za a mai da shi tagwaye, da lambatu hagu da dama da fitilu a tsakiya, babu wanda ya kai ni murna. Gidana yana bakin titin, amma ƙofarsa lungu take kallo, zauren kuma shi ne shagona. Ɗakin da ya ba titi baya shi ne ɗakin Inna, mahaifiyata.

Asalinmu mutanen Kwandiko ne, can ƙasar Gwaram. Da Baba ya rasu aka yi zama a kan inda Inna za ta zauna. Ƙanena Safiyanu, wanda ya riƙe gida da gonaki, ya ce ɗakinta yana nan, ƙawayenta suna nan, bai ga dalilin ɗauke tsohuwa daga inda ta saba ba. Ni kuma na kawo maganar hawan jininta, na ce asibiti yana kusa da ni, kuma ni ne babba. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Safiyanu kuwa sai ta kira sunansa sau goma kafin azahar. Ina son ta a kusa da ni ne kawai, ko da ba za ta ce mini komai ba. Kawunmu ya yanke cewa ta bi ni, da sharaɗin ɗakinta daban, ba tare da kowa ba. Na gina mata na bulo da silin, alhali ni da matata Nasiha da yara biyar muna cikin na ƙasa.

Shekara bakwai tana cikinsa. Sunana a wajenta mai keke, saboda keken ɗinkina. Ina tsaye a gabanta za ta dubi Nasiha ta ce a gaya wa mai keke maganinta ya kusa ƙarewa. Kullum bayan asuba nakan tsuguna a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ta sa albarka kamar da wani can take. Daga shago ina jin rediyonta da tarinta da faɗan da take yi da kaji. Wani zai ce wannan ba wani abu ba ne. Ni dai ya ishe ni.

Da maganar titi ta yi ƙarfi, kowa ya zama mai labari. Wannan ya ce taku talatin za a ci, wancan ya ce har masallacin unguwa zai tafi. Ana cikin haka Allah ya kawo mini Balarabe, direban da ke tuƙa injiniyoyin kamfanin da aka ba aikin, wandonsa ya yage ta inda ba a faɗa. Ɗinkin minti biyar na ja shi rabin awa, na sa aka kawo masa zoɓo mai sanyi, har sai da ya saki abin da nake nema. Ya ce da kunnensa ya ji, mita ashirin ce daga tsakiyar titi, hagu da dama, duk abin da ya shigo ciki ya tafi.

A ranar na kwance igiyar shanyar Nasiha, na ƙara mata wata, na ɗauko sandar da nake auna yadi, na yi ƙulli a kan kowane yadi har ashirin. Kada wani ya zaci ban san mita ta fi yadi ba. Na sani sarai. Ta fi shi da kamar yatsa huɗu, kuma yatsa huɗu a wajen tela shi ne abin da ake bari don kalmasa, ba abin da ake ta da jijiyar wuya a kansa ba. In mutum ya kawo shadda daga Kano ya ce da mita aka yanka masa, cewa muke yi yadi ne da ɗan ƙari. Saboda haka mita ashirin, a lissafina, yadi ashirin ne da ɗan ƙari. Bayan ƙulli na ashirin na ɗora yatsuna huɗu, na ɗaura jan ƙyalle a wajen, na ce ga iyaka.

Washegari da sassafe, kafin motoci su yi yawa, na sa maƙwabcina Hadi ya tsaya a tsakiyar titi ya take bakin igiyar, yana waige-waige yana cewa in yi sauri yana da iyali. Na ja ta har bayan gidana. Jan ƙyallen ya faɗi saura rabin yadi ya taɓa bangon Inna. Na sake ja, haka. Na kafa ƙusa a wajen, na shiga gida na gaya wa Nasiha, da muryar da za a iya ji a Gwaram, cewa ɗakin Inna ya sha. Inna tana tsince wake a faranti, ta ce wa farantin Allah ya sa. Nasiha kuma ta tambaye ni inda za ta shanya kayan yara.

Kafin la'asar labari ya zaga. Mutane suka fara sallama a shago, ba da yadi ba, da roƙon in zo in duba musu. Na riƙa fita da tef a wuya, alli a bayan kunne, igiya a kafaɗa, jama'a na biye da ni. In na ja igiya sai a yi tsit. In ce wa wannan kai ka sha, ya yi hamdala. In ce wa wancan kai kam sai haƙuri, ya shige gida jiki a sanyaye. Ban taɓa sanin daɗin a saurare ka ya kai haka ba. Na auna tun daga bakin kasuwa har kusa da fita gari, gida sittin da wani abu, ɗinkunan mutane na jibge a shago suna jirana. A nan sunan Injiniya ya fito. Har na fara faɗin inda za a yi shataletale da inda za a bar wa motoci wajen juyawa, abubuwan da ko Balarabe bai gaya mini ba. Wani malamin firamare ya taɓa cewa anya ba a bari masu aikin su zo ba, na tuna masa shekaruna ashirin da shida da mutum biyun da suka yi ƙiba, aka yi masa dariya ya kama gabansa.

Cikin wannan tashe Hadi ya same ni bayan sallar magariba. Akwai kango a ɗaya ɓangaren gidana, nesa da titi, bango ɗaya ya raba mu, gadonsu ne shi da 'yan'uwansa. Ya ce tunda masu gidajen bakin titi sun fara neman wajen komawa, magada sun matsa a sayar a raba, shi kuwa ba zai kai wa kowa ba sai ya fara yi wa maƙwabci tayi, kamar yadda aka saba. Ya ce in fasa ƙofa ta ciki in yi wa Inna ɗaki a can, ta huta da ƙarar motoci. Ba rashin hali ne ya hana ni ba, ina da bijimai biyu a wajen Safiyanu da za su ɗauke abin. Nasiha ta yi kwana uku tana bina da maganar. Amma ni abin da nake gani daban. In aka ji Injiniya da kansa ya sayi kango, me mutanen da na ce wa sun sha za su ce? Za a ce ban yarda da igiyata ba. Na yi wa Hadi godiya, na ce ya sayar wa mabuƙata. Cikin sati guda wani mai kantin magani ya saya ya aza harsashi.

Safiyanu ma ya zo a babur da buhun gero a baya, ya shiga wajen Inna suka daɗe, ina jin dariyarta daga shago. Da ya fito ya tsuguna gefen kekena.

"Yaya, in akwai shakka ka gaya mini tun yanzu. Rufin ɗakinta na can ya lalace, gara in gyara kafin ruwa ya sauka."

Na tashi na kama hannunsa na kai shi bayan gida, na nuna masa ƙusar, na yi masa bayanin tsakiyar titi da hagu da dama kamar ni na zana titin. Na ce manomi ya tsaya a kan irin shuka da taki, awo kuma a bar wa masu shi. Ya saurara har na gama, ya ce to, ai ni na san awo, ya hau babur ɗinsa.

Masu awon gaske sun zo ranar wata Talata cikin zafin bazara, da na'ura mai ƙafa uku da gwangwanayen jan fenti. Babbansu wani siriri ne mai sanyin magana, Malam Zulkifli. Na sa sabuwar riga na je na ba shi hannu a matsayin abokin aiki, na ce in suna buƙatar wani bayani a kan unguwar nan an riga an yi musu rabin aikin. Ya yi murmushi ya ce madalla. Suka fara daga kasuwa. Duk gidan da na ce ya tafi, suka shafa masa ja. Ina biye ina gyaɗa kai, ina duban jama'a ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida. Bai zo mini a rai ba cewa gidan da ke zaune a bakin kwalta kowa ma ya san zai tafi.

Sai aka iso gidan Alhaji Iliyasu, wanda na ce wa ya sha, wanda a kan maganata ya yi wa katangarsa sabuwar filasta da fenti ruwan ƙwai. Aka shafa mata ja. Alhaji ya juyo ya dube ni. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na'ura ma takan yi kuskure. Gida na gaba, ja. Na gaba da shi, ja. Duk waɗanda na sallama ne. Lokacin da suka tsaya a bayan ɗakin Inna, gumin da ke jikina ba na rana ba ne kaɗai.

Na tare mai fentin. Na ce ba mita ashirin ba ce? Malam Zulkifli ya ce ita ce. Na ce daga tsakiya? Ya ce daga tsakiya. Na ce to a jira ni. Na shiga na ɗauko igiyata, na ce a gwada a gaban jama'a, in ya so kowa ya ga mai gaskiya. Har yau in na tuna cewa ni na nemi a yi a gaban jama'a sai in ji kamar in shige ƙarƙashin teburin yanka.

Bawan Allah bai yi musu ba. Ya sa aka tsai da motoci, aka shimfiɗa igiyata, ya shimfiɗa tef ɗinsa na ƙarfe a gefenta. A ƙullin farko mitarsa ta wuce da yatsa huɗu. Na ce na san da wannan, na ƙara shi a ƙarshe. Ya matsa gaba. A ƙulli na biyu ta wuce da takwas. A na biyar ta wuce da kusan kamu guda. A na goma saura kaɗan yadi ya cika. Daga nan ban ƙara bin su ba, na tsaya ina kallon ƙafafuna.

Ya dawo kusa da ni ya rage murya, don dai ya rufa mini asiri, amma wajen ya yi shirun da kowa ya ji.

"Malam, ai kowace mita da nata yatsa huɗun. Kai sau ɗaya ka ƙara, su kuwa ashirin ne."

Wani mai rake ne ya fara dariya, sauran suka kama. Layin ya shiga ɗakin Inna da yadi ɗaya da kwata da ɗan ƙari. Faɗin ɗakin gaba ɗaya yadi uku da rabi ne, in aka cire kaurin sabon bango abin da zai rage bai kai yadi biyu ba. Wannan lissafin kam a tsaye na yi shi, kuma daidai ya fita.

Da na shiga gida na zagi Balarabe, na zagi wanda ya ƙirƙiro awo iri biyu a duniya ɗaya, na ce igiyar ce ta tsuke don ta sha rana. Nasiha ta karɓi igiyarta ta zauna a kan turmi tana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, a gabana, ba ta gaggawa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. A waje kuma gida goma sha ɗaya ne na sallama aka shafa wa ja. Alhaji Iliyasu ya yi wata guda in na yi masa sallama sai ya amsa wa na bayana. Malamin firamaren nan kuwa kullum sai ya biyo ta ƙofar shago ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi aiki, alhali hanyar makarantarsu ba ta nan take ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ɗakin. Na je wajen mai kantin magani, na tarar ginin ya kai linta. Na ce zan bar wa Inna zaure in koma rumfa da kekena, Nasiha ta tuna mini cewa zaure hanya ce, kowane ƙato ta nan yake sallama. Ita da kanta ta ce Inna ta karɓi ɗakinmu, mu da yara mu san yadda za mu yi. Inna ta ji, ta ce wa Nasiha ita ba ta zo Birnin Kudu don ta fitar da jikokinta tsakar gida ba, kada a sake tayar da maganar. Diyya an ce za a biya, kuma an biya daga baya, amma a lokacin babu sauran fili ko na ɗaure akuya a kewayenmu.

Na koma ga abin da na iya. Na ɗauki takarda na zana ɗakin kamar rigar da za a rage. In aka juya gadon ƙarfenta ya bi tsawo, aka tura adakarta ƙarƙashi, aka fitar da randa waje, za a samu wajen shimfiɗa sallaya, in dai ba za ta miƙe hannu sosai ba. Na tsuguna a bakin ƙofarta na karanta mata wannan duka, ina nuna wa ƙeyarta takardar. Na ce na wucin gadi ne. Na ce motoci ba za su dame ta ba, zan sa bulo mai kauri. Na yi ta magana saboda ina tsoron abin da zai biyo bayan shiruna.

Ta bari na gama. Sannan ta ce wa bango, "A kira mini Safiyanu."

Ban san sunan mutum zai iya yi wa wani ciwo haka ba. Na ce to, na tashi.

Ya zo washegari. A nan na ji cewa tun ranar da na nuna masa ƙusa ya koma ya sa aka yi wa ɗakinta na Kwandiko sabon rufin kwano. Ya ce ba wai bai yarda da awona ba ne, kawai don kada damina ta ci bangon. Bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa ba, har cewa ya yi kuskure na kowa ne. Wannan kirkin nasa ne na fi daɗewa ban yafe ba.

Ranar tafiya aka kawo a-kori-kura aka ɗora gado da adaka da kajinta cikin kwando. Ta sa wa Nasiha albarka, ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ta raɗa musu, ta shafa kansu. Ina tsaye riƙe da ƙofar motar. Da ta zauna ta gyara mayafinta, ta dubi gilashin gaba ta ce a riƙa kula da yara kada su fita titi. Na ce in sha Allah. Motar ta bi hanyar Gwaram, ni kuma na shiga shago na rufo ƙofa, na hau taka keke ba zare ba ƙyalle, don kada a ji abin da nake yi. Shekarata arba'in da takwas a lokacin.

Bayan kwana tara katafila ta zo. Bangon da na yi wata huɗu ina tara bulonsa bai ɗauke ta minti biyar ba. Titin kuwa, da aka gama shi, in faɗi gaskiya ya yi kyau. Hannu biyu ne yanzu tun daga tasha har fita gari, an yi lambatu, an kori masu rake sun dawo, fitilu suna kamawa da kansu in rana ta faɗi. Abin da ya rage na ɗakin na toshe shi na mai da shi ma'ajiyar ƙyallaye. Na fi wata ina idar da sallar asuba ƙafata ta kai ni bakin ƙofarsa kafin in tuna.

Kwandiko kuwa na ƙi zuwa. Labarin igiyata ya riga ni isa, na san tun daga tashar Gwaram za a fara yi mini Injiniya sannu da aiki. Ban kuma san da wace fuska zan tsuguna a ƙofar ɗakin da ƙanena ya rufa ba. Na riƙa aika magani da sabulu da goro ta hannun direbobi. In an kira waya da Nasiha take magana, da yara, ni sai dai in tsaya kusa in ji muryarta tana tambayar ko an yi wa Kubra, autarmu, kitso. Ina kewarta kamar yaro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Haka aka yi wata biyu da rabi, har gero ya fitar da kai.

Ran nan Safiyanu ya kira ya ce Inna tana son labule a ƙofarta. Na ce ya auna tsawo da faɗi ya turo mini. Ya ce to, sai na ji murya daga nesa a bayansa.

"Ka ce wa mai keke ya zo ya auna da kansa."

Raina ya ɓaci. Na ɗauka ita ma ta shiga sahun masu tsokana. Amma umarnin uwa ne, na shiga motar Gwaram, daga can na hau acaɓa cikin taɓo har Kwandiko. An yi mini Injiniya a tasha kamar yadda na zata, an ƙara a ƙofar gida. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Ta ɗan rame, ko kuma idona ne. Na auna ƙofar sau uku, na rubuta a takarda, na sa Safiyanu ya duba lambar da idonsa. Ta ce wa matarsa Ummussalma a ba baƙo abinci, aka kawo dambun da na san ba hannun Ummussalma ba ne, don tun ina yaro mutum ɗaya na sani mai cika masa zogale haka. Na zauna a bakin ƙofar har la'asar, tana ba jikokinta labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi aure tun barina garin, labarin da bai shafi yara ba ko kaɗan.

Sati na zagayowa na kai labulen, shuɗi mai kauri, na rataya. Ya sauka daidai dokin ƙofa, ko tsinke ba zai wuce ba. Na dawo gida ina jin na fanshi kaina ko da a kan ƙofa ɗaya ne.

Bayan kwana goma Safiyanu ya sake kira, ina jin yana danne dariya. Ya ce Inna ta ce labulen ya gaza.

Na miƙe tsaye a shago. Na ce sau uku na auna, shi shaida ne, ƙofa ba ta girma, labule ba ya tsukewa a kwana goma, in kuma so ake a mai da ni abin wasan Kwandiko to a faɗa mini. Na kashe wayar na shiga gida na zazzage wa Nasiha abin tun daga farko. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da na ƙare.

"Baban Kubra, me kake so ta ce? Ta ce a gaya wa ɗanta na fari tana son ganinsa?"

Sai na tambaye ta inda ta ajiye mini hulata.

Na isa Kwandiko da azahar. Labulen yana nan yadda na bar shi, bakinsa har ya fara datti saboda gogar dokin ƙofa. Safiyanu da Ummussalma da wasu maƙwabta biyu suna tsakar gida, duk sun zuba ido. Na gaishe ta. Daga ciki ta amsa, sannan ta ce wa bango ta ƙasa ne ya gaza, iska tana shigowa.

Na tsuguna, na zaro tef, na ɗora shi daga sama har ƙasa, na daɗe ina duban lambar da na riga na sani.

"Gaskiya ne," na ce. "Ya gaza. Sai na tafi da shi na gyaro."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na sauke labulen na ninke. Ta ce a ba baƙo abinci.

Zuwa yanzu na gyara labulen nan sau tara, ban taɓa sa masa allura ba. Wani zuwan ya gaza, wani zuwan ya yi tsawo yana kwasar ƙasa, sau ɗaya ma faɗinsa ne ya ragu. A Kwandiko an gama yanke hukunci cewa mutumin nan ko ƙofa bai iya aunawa ba, babu mai ba ni ɗinkin ko wandon yaro. Yana nan a ninke a kan teburina, ranar Juma'a zan mayar.